Inda Zan Kai Ku Kafin Jirgi Ya Tashi

Unguwar Madabo, Kano
Agusta, 1999

Zuwa ga Zaituna, sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, ruwan randar ƙasa da aka wanke aka turara, hasken da ya shigo zuciyata ba sallama ya kuma ƙi fita. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya iske ki a can Gusau inda kike zaune tsakiyar akwatuna da kwalaye, ya shafi goshinki kamar iskar nan da take riga ruwan sama isowa.

Wasiƙarki ta same ni ranar Talata ta hannun direban da kika ba. Na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karanta ta a zaure, na kuma karanta ta a aji har yara suka gane yau malaminsu ba ya tare da su. Na fahimci komai. Sabuwar gwamnati ta tura Alhaji mahaifinki aiki ofishin jakadanci a Jidda, zai tafi da ku duka, a Kano za ku hau jirgi, kuma za ku yi kwana biyu a nan kafin tashi. Alhaji ya ce ba ya son 'ya'yansa su bar ƙasa ba su ga birnin Kano ba, ke kuma kika ce masa akwai wani ɗan ajinku a kwaleji, ɗan cikin gari, wanda zai iya zagayawa da ku. Ɗan ajinku! Wayyo Zaituna, shekara uku ina ɗauke da ke a ƙirjina, sunan da na samu a gidanku ke nan? Amma ban ga laifinki ba. Na san ba ki da wani suna da za ki iya kira na da shi a gaban mahaifinki ba tare da muryarki ta tona ki ba.

Tun da sojoji suka miƙa mulki, duk majalisar da mutum ya zauna a garin nan zancen ɗaya ne: an sha iska, fetur zai samu, albashi zai ƙaru, kowa zai faɗi abin da ke ransa. Ni ma na bi layi rana tana gasa min ƙeya, na dangwala yatsa, na dawo gida ina ta cika baki. Wallahi da na san gwamnatin da nake taya murna ita ce za ta ɗauke ki ta tsallakar da ke teku, da na yi kwanciyata a ɗaki ranar nan. Kowa mulkin farar hula ya kawo masa wani abu, ni ya zo ya karɓe nawa.

Kin ce in zaɓa muku wuraren da za ku gani, in kuma tuna da gwiwar Hajiya, da rawar kan ƙaninki Musa, da ƙanwarki Nana Aisha wadda ba ta da zance sai na zaki. To bari ki yi min dariya. Ni da aka haifa a gindin Dala, rabona da hawa shi tun ina sa gajeren wando. Gidan Makama kuwa, ina wuce ƙofarsa kusan kullum, ban taɓa leƙawa ba, don mu 'yan birni mun bar wa Turawa da 'yan makaranta wannan aikin. Saboda ke na zama baƙo a garinmu. Duk satin nan in na tashi daga makaranta sai in hau babur in shiga yawo, ina tsayawa ina kallon ganuwa baki buɗe, har wani abokina ya tare ni yana tambaya ko wani abu na ɓatar. Na ce masa ban ɓatar ba tukuna, sai ranar Asabar.

Na fara da Dala. Na hau da yamma bayan an ɗauke ruwa, ina haki kamar wanda aka koro. Ya Salam! Ashe haka garinmu yake ban sani ba? Rufin kwano ja da tsatsa har iyakar gani, hasumiyoyin babban masallaci a tsaye, kududdufai sun cika fal suna ƙyalli, Goron Dutse can yana fuskantar mutum, hayaƙin girkin yamma yana tashi daga kowane gida. Na tsaya ina tsara abin da zan nuna muku: ga Kurmi can, ga Fagge, ga unguwarmu nan ƙarƙashin ƙafa. Ina cikin haka sai na ji ƙara, na waiwaya, na ga jirgi ya taso daga filin jirgi yana kutsawa cikin gajimare har ya zama ɗigo ya ɓace. Ban iya ƙarasa kallon garin ba, na sauko. Duk da haka na sa Dala a farko, Juma'a da sassafe kafin rana ta yi zafi. Hajiya za ta zauna a mota a inuwa, don matattakalar ba ta masu ciwon gwiwa ba ce, kuma ki riƙe hannun Musa da kyau in mun kai sama.

Daga nan zan bi da ku ta Ƙofar Mazugal. Ba hanya ba ce, zagaye ne, kuma na san Alhaji zai tambaye ni me za a gani a wurin. Zan ce masa tsohuwar ƙofa ce mai tarihi, in haɗa masa da abin da na tsinta a bakin tsofaffi. Amma ke kin san abin da yake wurin. Kin tuna ranar da muka dawo daga dubiyar Asibi, 'yar ajinmu, ruwa ya tsinke mana a daidai ƙofar, muka fake a rumfar mai gasa masara? Akwai farin alli a gefen mayafinki, don daga koyarwar gwaji kika wuce. Rumfar tana yoyo, kina ta matsawa kina gudun ɗigo, har ya zama babu sauran wurin matsawa sai kusa da ni. Kika karya masara gida biyu, kika duba, kika miƙo min babban ɓarin, kika ce, "Malam Maharazu, Kanonku ko ruwanta ma da faɗa yake zuwa." Ni kuwa a raina addu'a nake kada ya ɗauke har a kira Magariba. Zaituna, farin cikina, akwai wani gidan tarihi a duniya da ya ajiye abin da ya kai wannan rumfa daraja? Na je jiya na duba. An ɗauke rumfar, wani mai faci ne a wurin yanzu.

Bayan an sauko daga Juma'a sai Kasuwar Kurmi, tun da kin ce Alhaji yana son tsarabar da zai ba abokan aikinsa a can. Na zagaya na ga masu fata, na ga masu huluna, na yi magana da wani mai turare da yake sayen goro wajen Baffana. Roƙona ɗaya: kada Alhaji ya riga ni buɗe baki. Da zarar mutanen Kurmi sun ji harshenku na Zamfara, jakar da ake sayar wa ɗan gari da rangwame za ta koma ta Bature, kuma suna yi suna rantsuwa cewa faɗuwa suka yi. Ku sa takalman da ba ku jin tausayinsu, don damina ce, ƙasan kasuwar taɓo ne. Abin da ya dame ni da Kurmi shi ne lungunanta ba sa ɗaukar mutum biyu a jere. Ni ne a gaba, Alhaji a bayana, sai yara, sai Hajiya, ke ce a ƙarshe. Za mu yi yamma guda a wuri ɗaya, ina jin ƙamshin kowane turare a kasuwar, ba zan ga fuskarki ko sau ɗaya ba.

Ai wannan shi ne azabar aikin da kika ɗora min, ya abar ƙaunata. Kwana biyu ina tafe da ke, ba dama in ɗaga ido. Kwana biyu ina magana da ƙarfi a kan sarakunan da suka shuɗe da ganuwar da ta zaizaye, alhali maganar da take cina ba ta da wurin fita. Zan kira ki Malama, ki kira ni Malam, in ce "a kula da kwata", ki ce "to, an gode". Wane irin ƙishi ne wannan, a ba mutum tulu ya ɗauka a ka, a ce kada ya sha?

Na so in sa madatsar ruwa ta Tiga a cikin tsarin. Na ma faɗa wa Sule, wanda zai ara min motarsa, cewa yara za su so ganin ruwa mai yawa. Ƙarya nake yi, ba don yara ba ne. Hanyar ce mai nisa, na lissafa cewa in ina tuƙi zan riƙa ganinki ta madubi tun daga Kano har can. Daga baya na yi wa kaina faɗa, na ce wanda idonsa yake madubi a rami zai zuba iyalin mutane, na soke ta.

Ranar Asabar da safe sai gidan zoo, don Nana Aisha ta ga zakinta ta bar mu mu huta. Ki gaya mata tun yanzu kada ta sa rai da gurnani. Na je na same shi a kwance ya juya wa duniya baya, na tsaya ina kallonsa yana kallon bango, na ce lallai mun fahimci juna ni da kai. Daga nan mu shigo ta Ƙofar Nassarawa mu tsaya a Gidan Makama, Alhaji ya ga tsofaffin hotuna da kayan yaƙi, ya kuma ga irin ginin ƙasar da yake sanyi ko da rana tsaka. Sai marinar Ƙofar Mata, wannan don Hajiya na zaɓe ta. Za ta ga karofi a jere, ta ga yadda ake tsoma farin ƙyalle ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonta, ta ji mabuga suna dukan shadda sai ka ce kiɗa. Kada ki sa fararen kaya ranar. Amma in kin ga ba mai kallo, ki bari ko ɗan yatsa ɗaya ya taɓa ruwan baba. Wani tsohon marini ya ce min ba ya saurin fita daga farce, ko an wanke da sabulu. Ina so ki sauka a Jidda da wani abu na garinmu a jikinki, tun da ni ba a ba ni izinin bin ki ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi komai nauyi. Wuri na ƙarshe da na zaɓa ba ya cikin abin da ake kai baƙi kallo. Gidanmu ne a Madabo, abincin rana, kafin a wuce filin jirgi.

Da na karanta wasiƙarki, abin da ya fara zuwa raina shi ne Allah ya kawo min mahaifinki har gida. Na tafi wurin Baffa Salihu, ƙanin mahaifina, wanda shi ne a matsayin uba gare ni tun rasuwar Malam. Na durƙusa a zaure, na sunkuyar da kai, na faɗa masa komai, abin da ban taɓa yi ba. Na roƙe shi in mahaifinki Alhaji Ashafa ya zo ya ci abinci, ya nema min aurenki. Baffa ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, sannan ya ce, "Maharazu, ka san me kake cewa kuwa? Mutum ya shigo gidanmu baƙo, mu shimfiɗa masa tabarma, ya ci tuwonmu, hannunsa bai bushe ba mu ce ya ba mu 'ya? In ya so ya ce a'a, da wane baki zai faɗa? Wannan ba nema ba ne, tarko ne. A gidan nan ba a taɓa yi ba. 'Ya a gidan ubanta ake nemanta, mu ne za mu taka mu je, mu zauna a tabarmarsa, inda in ya ga dama ya sallame mu."

Na ce to Baffa mu je Gusau gobe. Ya ce ba a faɗa wa mutum gida haka kawai yana tsakiyar ɗaure kaya da sallamar dangi, sai an fara aikawa ta wajen mata an ji ko akwai magana a kan yarinya, kuma wannan ba aikin kwana uku ba ne. Na ce to in sun tafi fa? Ya ce in da rabo za su dawo. Za su dawo! Zaituna, kin taɓa jin kalma mai sanyi a baki, mai ƙuna a ciki kamar wannan? Shekara huɗu aka ce, in ma ba a ƙara ba. Ke da kika gama karatu, ga kyau, ga natsuwa, a garin da 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu suke shiga suna fita gidan kowane jami'i, wa zai bar ki ki zauna shekara huɗu? Wani zai aiko, a tambaye ki, ki sunkuyar da kai yadda kika saba, a ce ta yarda. Ni kuma ina nan Madabo ina koya wa yara jimla, labari ya zo min a bakin wani alhaji da ya dawo Umara.

Na yi fushi da Baffa, na kwana biyu ban gaishe shi da sakin fuska ba. Amma da na zauna na duba, ban samu inda ya yi kuskure ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Mutunci ne, kuma mutuncin mahaifinki yake karewa.

Sai dai a ranar, da zan tashi daga zauren, Baffa ya kira ni ya ce, "Abu ɗaya ne. In shi baƙon da kansa ya buɗe zancen, ko da tambaya ce ya yi, ya ce yaron nan naku ya ajiye iyali kuwa, to ya ba mu ƙofa, zan shiga." Ƙofar ke nan, Zaituna, ita kaɗai, kuma ba ta fi ramin allura ba. Alhaji ba zai tambayi abin da bai san da shi ba. Ba mai sanar da shi sai Hajiya. Ba mai sanar da Hajiya sai ke.

Na san abin da nake roƙo. Na san ke 'yar fari ce, Hajiya ko sunanki ba ta kamawa, in za ta aike ki sai ta ce wa Musa ya gaya wa yayarsa. Kin taɓa ce min tun da kika yi wayo ba ku taɓa zama ku biyu kun yi hirar da ta wuce ta girki ba. Na san wadda za ki iya faɗa wa kina dariya ita ce kakarki 'Yardada, wadda ta goye ki, ita kuma Allah ya karɓi abarsa bara, Allah ya jiƙanta. Na kuma san sau nawa kika ce min bari tukuna: sai an gama jarrabawa, sai bayan azumi, sai bayan Salla. Ban taɓa matsa miki ba, don kunyar nan taki tana cikin abin da ya sa na so ki. Yau ga shi ita ce za ta raba mu. Shin akwai wanda aka taɓa yanka shi da abin da ya fi ƙauna kamar ni?

Ba sai kin yi dogon bayani ba, ya sanyin raina. Ki same ta tana ninke kaya, ki tsaya ta bayanta inda ba za ku haɗa ido ba, ki ce, "Hajiya, malamin nan na Kano ba ɗan ajinmu ne kawai ba." Iyakarta ke nan. Uwa ce, za ta ƙarasa sauran da kanta. In bakinki ya ƙi, ki faɗa wa bango tana ji. Na roƙe ki don Allah, na roƙe ki don ranar Mazugal, ki ara wa kanki ƙarfin hali na numfashi ɗaya, ni kuma in biya ki da duk sauran numfashina.

Amma ba zan yaudari kaina ba. Na san ki fiye da yadda nake so in san ki. Ina ganinki yanzu kina karanta wannan, hawaye yana zuba, kina ninke takardar kina turawa ƙasan akwati, kina cewa gobe. Goben kuma a mota za ta same ki.

Inna ta riga ta sa an share tsakar gida, ta aika a sayo kabewa da yakuwa don miyar taushe, ta fito da kwanukan da ba ta taɓawa sai da Salla. Na ce mata kada ta wahalar da kanta, wataƙila ba abin da zai faru. Ta ce ko ba komai a bar ta ta ga yarinyar da ta hana ɗanta cin abinci. Za ki shiga cikin gida tare da Hajiya, ki ga bishiyar zogalen da ke bakin rijiya, ki ga ɗakin da ke hannun dama wanda na yi wa sabon daɓe bara ban gaya wa kowa dalili ba. Ni kuwa ina zaure tare da maza, ina zuba wa Alhaji ruwan wanke hannu, kunnena yana kan bakinsa. Duk tarin da zai yi, duk gyaran muryar da zai yi, zuciyata za ta tsaya ta jira.

In ya yi tambayar, to Allah ya ji kukana, kuma ke ce kika kai masa. In kuwa ya ci ya sha, ya yaba miya, ya yi addu'a, ya duba agogo ya ce lokaci ya yi, zan gane. Ba zan yi miki kallon tuhuma ba, ba zan ɓata muku tafiya ba. Zan tuƙa ku zuwa filin jirgi a hankali, in sauke kaya, in ɗauki akwatinki da hannuna in kai shi ma'auni. Alhaji zai riƙe hannuna ya ce, "Malam, mun gode, ka nuna mana gari, Allah ya ba ka mace tagari." Ni kuma zan durƙusa in ce amin, Zaituna, kina tsaye kina ji.

Ko ta wace hanya ta kasance, zuciyar nan ba ta da wani mai ita bayanki, kuma ba zan nema mata ba.

Naki, ko an ba ni ko an hana ni, har ranar da za a mayar da ni ƙasar Madabo,

Maharazu Shehu